Tarkacen saƙonni sun cika min Gmail, na gaskiya kuma suna faɗawa Spam: yaya ake tace su?

Maman_Khalil ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana harkar imel. Adireshin Gmail ɗaya nake amfani da shi wajen komai: banki, makarantar yara, neman aiki, sayayya ta intanet. Yanzu tarkacen saƙonni sun yi masa yawa, tallan bashi, tallan caca, masu cewa na ci kyauta, da masu barazanar za a rufe min asusun banki idan ban sabunta BVN ba. Ina toshe mai aikowa, washegari irin saƙon ya dawo da wani adireshin daban. A ɗaya ɓangaren kuma, saƙon makaranta da nake jira sai in tarar da shi a jakar Spam.

Abin da nake son sani: toshewa ta fi ko gogewa? Shin in riƙa danna wurin da suke rubuta "Unsubscribe" a ƙasan saƙon? Kuma akwai hanyar da zan sa Gmail ya riƙa goge duk saƙon da ke ɗauke da wasu kalmomi da kansa? Ta burauza nake buɗewa a kwamfuta, wani lokaci a waya. Na gode.

Injiniya_Sabo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maɓallai huɗu ne a gabanki, kowanne da aikinsa, kuma yawancin mutane biyu mafi rauni, wato gogewa da toshewa, suke dannawa.

Gogewa ba kai rahoto ba ce. Saƙon zai koma kwandon shara, ya kwana 30 ya ɓace, amma na'urar da ke tantance saƙonni ba ta samu rahoto daga gare ki cewa tarkace ne ba. 

Toshewa kuma adireshi ɗaya tak take kamawa. Idan kin danna ɗigo ukun da ke saman saƙo kin zaɓi "Block", duk abin da ya sake zuwa daga wannan adireshin zai wuce jakar Spam. Wannan na aiki a kan mutum ko kamfani mai tsayayyen adireshi. Masu damfara ba su da tsayayyen adireshi. Suna da dubbai, wasu na asusun mutanen da suka yi wa kutse ne, wasu na sunayen shafuka, wato ɓangaren da ke bayan alamar @, da suka saya da arha don aikin kwana biyu su watsar. Shi ya sa kike ganin saƙon ya dawo washegari. Ki toshe ɗari biyar ma, na ɗari biyar da ɗaya zai shigo.

Maɓallin da ke da amfani a kansu shi ne "Report spam", mai alamar motsin rai a cikin wata siffa mai kusurwa takwas, a saman jerin saƙonni. Ba sai kin buɗe saƙon ba: ki sa alama a ɗan akwatin da ke gefensa, ki danna maɓallin. Da wannan Google ke samun kwafin saƙon ya bincika sabar da ta turo shi, wato babbar kwamfutar da ke aika saƙon, shafukan da mahaɗan cikinsa (link ɗin da ake dannawa) ke kaiwa, tsarin rubutunsa, sannan ya haɗa da rahoton sauran mutanen da irinsa ya je musu. Waɗannan abubuwan sun fi adireshi wahalar canzawa. Su kuwa saƙonnin BVN da na "za a rufe asusunki", ki buɗe ɗigo ukun ki zaɓi "Report phishing", domin wannan rahoto ne na masu satar bayanai, ba na masu talla ba. Babu bankin da zai nemi lambar sirrin katinki ko lambar OTP ta imel.

Haka lamarin yake ta ɗaya ɓangaren. Saƙon makaranta da ya faɗa Spam, kada ki karanta shi a can ki bar shi. Ki danna "Report not spam" ya dawo akwatin saƙo, ki sa adireshin cikin jerin abokan hulɗarki na Google Contacts, idan da hali ki ba da amsa ko da "na gani" ce. Duk waɗannan alamu ne da na'urar ke lissafawa. Ki kuma riƙa leƙa jakar Spam sau ɗaya a mako, saboda abin da ya cika kwana 30 a cikinta gogewa yake da kansa, kuma ba ya biyawa ta kwandon shara.

Maganar "Unsubscribe" kashi biyu ce, kuma a nan ake yawan kuskure. Akwai wanda Gmail da kansa ke nunawa a sama, kusa da sunan mai aikowa. Akwai kuma mahaɗin da mai aikowa ya rubuta a ƙasan saƙonsa. Na saman ya fi aminci, domin Gmail ne ke aika buƙatar a madadinki, ba ke za ki shiga shafin kowa ba. A shekarar 2024 Google da Yahoo suka ɗora wa manyan masu tura saƙo sharuɗɗa, a wajen Google wato mai tura kusan 5,000 a rana zuwa adireshin Gmail: dole ya samar da hanyar ficewa da dannawa ɗaya a saƙonnin talla, ya aiwatar cikin kwana 2, kuma kada rahoton ƙorafi a kansa ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 a cikin 1,000. Don haka kantin da kin san kin taɓa yin rajista da shi, ko jarida, ko shafin neman aiki, ki fice ta wannan hanyar, za su daina. Kuma adalci ne a yi musu haka maimakon a kai ƙararsu a matsayin masu tarkace, tunda ke kika ba su adireshin.

Wanda ba ki san shi ba kuwa, kada ki taɓa mahaɗin da ke ƙasan saƙonsa. A ciki akwai lamba ta musamman da ke nuna adireshinki ne ya danna, kin tabbatar masa ke nan cewa akwai mai karantawa, sai darajar adireshin ta ƙaru a jerin da suke sayarwa junansu. Wani lokaci ma shafin da zai buɗe kalmar sirri zai nema.

Abu na ƙarshe, hotuna. Ana ɓoye ɗan mitsitsin hoto a cikin saƙo, wanda ido ba ya gani, da zarar ya buɗe mai aikowa ya san an karanta. Tun 2013 Gmail ke ɗauko hotuna ta sabarsa, wanda ya ɓoye inda kike, amma bai hana a san an buɗe ba. Ki shiga saiti, shafin "General", wajen "Images", ki zaɓi "Ask before displaying external images", ki sauka ƙasa ki adana. Ribar biyu ce, har data za ki rage ƙonawa.

Malama_Hadiza_ICT ta rubuta:

Injiniya ya gama da maɓallai, bari in ɗauki tambayarki ta uku, 'yar'uwa. E, Gmail na da matata, wato "filter", umarnin da ke sa shi ya yi wani aiki da kansa a kan saƙon da ya dace, wadda za ki haɗa da kanki, amma ba na ba ki shawarar ki sa ta goge saƙo saboda kalma.

Dalili shi ne kalmomin da masu damfara ke amfani da su, su ne kalmomin saƙonnin da kika fi buƙata. Wanda ya sa matata ta goge duk abin da ke ɗauke da "Congratulations" ya goge takardar samun gurbin karatu da ta ɗaukar aiki. Wanda ya sa "loan" ko "account" ya goge bayanan bankinsa. Su kuma masu damfarar sun daɗe da sanin wannan dabara: suna rubuta saƙon gaba ɗaya a cikin hoto, ko su cusa haruffan da ba a gani a tsakiyar kalma, ko su sa harafin rubutun Rashanci mai kama da "a" ko "o" a madadin namu. Ido zai karanta kalmar daidai, matata ba za ta gane ta ba. Ƙari a kan haka, binciken Gmail cikakkiyar kalma yake kamawa, ba ya kama gutsurenta. Sakamakon shi ne matatar ta kama na kirki ta saki na banza.

Inda matata ke da ƙarfi wuri biyu ne: kare saƙon da kike jira, da rarraba saƙo bisa adireshin da aka turo shi.

Ga yadda ake haɗawa. A kwamfuta, a ƙarshen dama na sandar bincike akwai alamar layuka uku masu ɗan maɓalli, ki danna. Fom zai sauko mai gurabe: daga wa, zuwa ga wa, kan magana, kalmomin da ke ciki, kalmomin da babu, girma, da ko akwai fayil a maƙale. A gurbin "From" ki rubuta abin da ke bayan alamar @ na adireshin makarantar, har da alamar, misali @makaranta.edu.ng. Kafin ki ci gaba ki danna "Search" ki ga abin da ya fito. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ke nuna miki ainihin abin da matatar za ta kama. Idan kin gamsu, ki sake buɗe fom ɗin ki danna "Create filter". A shafi na biyu ki sa alama a "Never send it to Spam", da kuma "Apply the label", ki ƙirƙiri lakabi, wato kamar jakar tara saƙo, mai suna Makaranta. A can ƙasa akwai zaɓin a aiwatar da ita a kan tsofaffin saƙonnin da suka dace, ki sa masa alama idan kina son su ma su samu lakabin.

Ana iya haɗa adireshi da yawa a matata ɗaya da kalmar OR, da manyan baƙaƙe, a tsakaninsu. Idan aka rubuta ta da ƙananan baƙaƙe Gmail zai ɗauke ta a matsayin kalmar da ake nema, matatar ta ƙi aiki. Alamar ragi a gaban kalma, ba tare da tazara ba, tana nufin "ban da wannan".

Wuri na biyun, wato rarraba saƙo bisa adireshin da aka turo wa, ya fi daɗi, kuma shi ne maganin tushen matsalarki, wato adireshi ɗaya a ko'ina. Gmail ba ya kula da duk abin da aka rubuta bayan alamar + a ɓangaren sunan. Idan adireshinki sunanki@gmail.com ne, to sunanki+aiki@gmail.com da sunanki+kasuwa@gmail.com duk akwatinki za su zo, ba sai kin yi rajistar komai ba. Daga yau, shafin neman aiki ki ba shi mai +aiki, kantin intanet ki ba shi mai +kasuwa. Sai ki haɗa matata da gurbin "To": duk abin da ya zo wa mai +kasuwa ya tsallake akwatin saƙo ya tafi lakabin Kasuwa. Ranar da kika ga tallan caca ya shigo ta mai +aiki, kin san ta wace ƙofa adireshin ya fita, kuma a nan ne kaɗai zan yarda ki sa "Delete it", domin ba kalma kike bi ba, ƙofa kika rufe.

Dabarar na da iyaka. Wasu fom ɗin rajista ba sa karɓar alamar +. Idan haka ta faru ki yi amfani da ɗigo, domin Gmail ba ya kula da ɗigo a cikin sunan: sunan.ki da sunanki duk ɗaya ne a adireshin da ya ƙare da gmail.com. Sannan mai wayo na iya cire abin da ke bayan + ɗin kafin ya sayar da jerin. Shi ya sa wanda zai iya riƙe adireshi biyu, hakan ya fi: ɗaya na banki da makaranta da hukumomi irin su JAMB, wanda ba a rubuta shi a ko'ina, ɗaya kuma na rajistar shafuka da cike fom ɗin tallafi da ake yaɗawa a WhatsApp. Irin waɗannan fom ɗin da ba a san mai su ba suna cikin hanyoyin da ake tattara adireshi da lambar waya.

Shawara guda kan sabuwar matata: a makonni biyun farko ki sa ta ta riƙa kai saƙo wani lakabi maimakon gogewa. Ki duba abin da ta tara. Idan babu na kirki a ciki sai ki mayar da ita mai gogewa. Abin da matata ta goge kwandon shara yake zuwa ba tare da kin gan shi ba, bayan kwana 30 kuma shi ke nan.

Ki lura kuma, a jerin ayyukan matatar Gmail babu "tura shi Spam". A cikin abin da za ki yi da hannunki, toshewa da rahoto ne ke kai saƙo can.

Maman_Khalil ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malama. Tambaya biyu ta ƙaru. A manhajar waya ban ga wurin haɗa matatar ba. Sannan akwai saƙon da ya zo da adireshina ni kaina a matsayin mai aikowa, yana cewa an yi min kutse in biya kuɗi. An shiga asusuna ke nan?

Malama_Hadiza_ICT ta rubuta:

Manhajar waya ba ta da shi. Ki buɗe Chrome a wayar, ki danna ɗigo uku ki sa alama a "Desktop site", sannan ki shiga mail.google.com. Rubutun zai yi ƙanana, ki kwantar da wayar a gicciye. Matatar da kika haɗa a can tana zaune ne a sabar Google, don haka tana aiki a kan kowane saƙo ko wayarki a kashe take.

Abu_Sumayya ya rubuta:

Hajiya, kwantar da hankalinki, akasari ba a shiga ba. Tsarin imel tun asalinsa bai hana mai aikowa rubuta duk adireshin da ya ga dama a gurbin "daga wa" ba, kamar yadda mai aika wasiƙa ta gidan waya zai iya rubuta sunan kowa a bayan ambulan. Irin wannan saƙon na barazana ana tura shi ga mutane bila adadin a lokaci guda. Wani lokaci har tsohuwar kalmar sirrinki za su ambata don ki firgita. Sun samo ta ne daga bayanan wani shafin da aka taɓa sacewa, irin kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 wanda daga baya kamfanin ya ce ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3. Shafin Have I Been Pwned na nuna wa mutum ko adireshinsa na cikin irin waɗannan bayanan da suka fita. Kada ki biya, kada ki amsa. Idan har yanzu kina amfani da kalmar sirrin da suka ambata a wani wuri, ki canza ta yau.

Ga yadda za ki tabbatar da kanki. Ki buɗe saƙon a kwamfuta, ɗigo uku, "Show original". A saman shafin za ki ga layuka masu suna SPF, DKIM da DMARC, kowanne da PASS ko FAIL a gabansa. SPF na duba ko sabar da ta turo saƙon na cikin waɗanda mai sunan shafin ya amince su yi aike da sunansa. DKIM sa hannu ne na lissafi da ke nuna saƙon ya fito daga wannan gidan kuma ba a taɓa shi a hanya ba. DMARC na duba ko sunan da aka nuna miki ya yi daidai da wanda ya ci ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu. Saƙon da ya ce daga gmail.com yake amma ya samu FAIL a waɗannan, na jabu ne. Sai ki duba jakar saƙonnin da kika aika, ki ga ko akwai abin da ba ke kika rubuta ba.

Kada dai a ɗauki PASS a matsayin shaidar gaskiya. Ɗan damfara na iya sayen sunan shafi mai kama da na banki, ya saita duka ukun daidai, su ci gwaji. Abin da PASS ke cewa kawai shi ne saƙon ya fito daga wannan sunan. Saura ke ki karanta sunan da kyau. Suna sa "rn" a madadin "m", ko lamba 1 a madadin "l". A mahaɗi kuma, ki ɗora kibiyar linzami a kai ba tare da dannawa ba, adireshin gaskiya zai bayyana a kusurwar ƙasa ta hagu. Ki nemo karkatacciyar sanda ta farko bayan sunan shafin, ki karanto baya daga nan. Idan an rubuta banki.com.tabbatar-asusu.xyz, mai shafin shi ne tabbatar-asusu.xyz, sunan bankin da ke gaba ado ne kawai.

A nan ina da ɗan gyara a kan maganar Malama Hadiza, da izininta. Zaɓin "Never send it to Spam" ƙofa ce kike buɗewa, a yi hattara da wanda ake buɗe wa. Gurbin "From" na matata yana kama har da sunan da mai aikowa ya raɗa wa kansa, ba adireshi kaɗai ba. Wanda ya rubuta sunan bankinsa zalla a gurbin, ba tare da @ da cikakken sunan shafin ba, ya ba duk ɗan damfarar da ya sa wa kansa sunan bankin izinin shigowa kai tsaye. Ni a ganina ma banki ba ya buƙatar wannan matatar, tunda manyan masu aike sun saba saita SPF da DKIM. A bar ta ga ƙananan masu aike da aka ga saƙonsu na faɗawa Spam, irin makarantar nan. Kuma yana da kyau a gaya wa mai kula da imel ɗin makarantar, domin sau da yawa laifin daga wajensu ne: ba su saita SPF da DKIM ba, ko suna zuba adireshin iyaye ɗari biyu a gurbin "To" a saƙo ɗaya. Wannan na biyun yana sa na'ura ta yi zargi, kuma yana raba adireshin kowa ga kowa. Gurbin "Bcc", wanda ke ɓoye adireshin masu karɓa daga junansu, aka tanada don haka.

Idan kina son cire kokwanto gaba ɗaya game da kutse, wurare huɗu za ki duba. A can ƙasan shafin Gmail, gefen dama, akwai "Details" da ke nuna na'urori da wuraren da aka shiga asusun kwanan nan. A saiti, shafin "Forwarding and POP/IMAP", ki tabbatar ba a sa wani adireshin da ake tura masa kwafin saƙonninki ba. A shafin "Filters and Blocked Addresses" ki karanta kowace matata, saboda mai kutse yakan haɗa wadda ke goge saƙon banki ko na canjin kalmar sirri don kada mai asusun ya farga, kuma canza kalmar sirri ba ya cire ta. Na huɗu, a shafin tsaro na asusun Google ki duba lambar waya da imel na farfaɗo da asusu ko naki ne, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga.

Akwai wani yanayi da ya kamata kowa ya sani. Idan rana ɗaya ɗaruruwan saƙonnin "na gode da yin rajista" suka kwararo cikin sa'a guda daga shafuka daban-daban, har da harsunan da ba ki sani ba, kada ki zaɓe su duka ki goge. Sau da yawa da gangan ake yi don a binne saƙo guda ɗaya: sanarwar cire kuɗi, ko sayayya da katinki, ko canjin kalmar sirrin wani asusu. Na'urar Gmail mai tantance saƙonni ba ta kama su sosai saboda shafukan na gaskiya ne. Ki fara bincika sunan bankinki da shafukan da kike da kati a ajiye, a sandar bincike ki ƙara in:anywhere don ya haɗa da Spam da kwandon shara, ki buɗe manhajar bankin ki duba, sannan ki dawo kan shara.

Malama_Hadiza_ICT ta rubuta:

Gyaran ya karɓu, Malam. Cikakken adireshin ma ya fi sunan shafin idan makarantar da adireshi ɗaya take aikowa. Idan kuma da gmail.com ko yahoo.com suke aikowa, dole ne a rubuta cikakken adireshin, domin wanda ya sa @gmail.com zalla a wannan matatar ya buɗe wa duniya gaba ɗaya.

Garba_Network ya rubuta:

Don masu karatu da ba Gmail suke amfani da shi ba, akwai bambance-bambancen da ke da muhimmanci.

Outlook, wato har da tsofaffin adireshin hotmail.com da live.com, ya fi Gmail a abu ɗaya: ana toshe sunan shafi sukutum. Saiti, "Mail", "Junk email", a nan akwai jerin waɗanda aka toshe da jerin amintattu, kowanne na karɓar adireshi ko sunan shafi. A wannan shafin kuma akwai zaɓin tsaurarawa, wanda ke sa duk saƙon da bai fito daga jerin amintattu ba ya tafi jakar tarkace. Ya dace da asusun yaro ko dattijon da mutane ƙalilan ke rubuto masa. Bai dace da mai neman aiki ko ɗan kasuwa ba, tunda saƙon da yake jira daga baƙo zai zo. Akwai kuma "Sweep", wanda ke iya barin saƙo na ƙarshe kawai daga wani mai aikowa ya kwashe sauran, abin da ya dace da tallan kantuna. Dabarar alamar + na aiki a Outlook, amma ta ɗigo ba ta aiki, a can ɗigo na mayar da adireshi na wani mutum daban.

A Yahoo, matatu na ƙarƙashin saiti, "Filters", kuma jerinsu na da tasiri: daga sama ake bi zuwa ƙasa, wadda ta fara kama saƙo ita ke aiki a kansa. Don haka mai kare saƙon kirki ta zauna a sama, mai kai shara a ƙasa. A Gmail ba haka ba ne, duk matatar da ta dace da saƙo tana aiki a kansa, shi ya sa saƙo ɗaya kan samu lakabi daga wannan, waccan kuma ta goge shi. Idan saƙo ya ɓace a Gmail, a duba ko matatu biyu ne suka haɗu a kansa. Wanda ya tara matatu da yawa, a ƙasan shafinsu akwai "Export" da ke sauke su a fayil ɗaya, ya ajiye kafin ya yi gyara.

Hajiya, tunda adireshinki ya riga ya shiga hannunsu, ki rufe wata ƙofar da suke bi idan imel ya ƙi: gayyata ta kalanda. Suna tura gayyatar taro mai ɗauke da mahaɗi, ta hau Google Calendar da kanta, wayar ta riƙa tunatar da ke kamar abin gaske. A calendar.google.com ki shiga saiti, "Event settings", wajen "Add invitations to my calendar", ki canza shi daga kowa da kowa zuwa wanda aka sani kaɗai, ko sai kin amsa gayyatar ta imel. Wadda ta riga ta hau, kada ki danna "No" a kanta, saboda amsar na komawa ga mai aikowa. Ki buɗe ta, ɗigo uku, ki kai rahotonta a matsayin tarkace.

Fayilolin da ake maƙalawa ma a kula. Gmail na hana irin su .exe da .js shigowa, don haka suka koma fayil mai ƙarewa da .html, ko PDF mai ɗauke da mahaɗi ko lambar QR. Na .html ɗin idan an buɗe shi yana nuna shafin shiga asusu na jabu a cikin burauza. Ki yi hattara da rasiti ko takardar biya da ba ki san da zuwanta ba; a sandar bincike ki rubuta filename:html ki ga ko akwai irinsu a akwatinki, ki kai rahotonsu ba tare da kin sauke su ba.